Goyon Baba Patil

In na ce muku na ga ginin da aka fara daga rufi aka ƙare a harsashi, za ku ce Habu Rediyo ya kunna tasharsa. To na gan shi da idon nan nawa, na shafa shi da hannu, har tafin ƙafata ya soyu a kansa. Wanda bai yarda ba, filin jirgi na nan a Queens, nan New York, bai gusa ba, ya yanki tikiti ya je ya dawo ya ƙaryata ni.

Tun da na dawo daga Indiya ban ci tuwo da daɗi ba a gidan abincin nan na titin 116. Illiyasu ɗan Maraɗi mai agoguna tambayarsa ɗaya ce kullum: wai da gaske ne in mutum yana tafiya sai mata su fito daga bayan itatuwa suna rawa? Bitrus kuwa, nas ɗin nan ɗan Kafanchan da muke bene ɗaya a Highbridge, cewa yake na rame kuma na rage surutu, wai in zo asibitinsu a auna ni. Ga labarin nan duka, ku karanta, ku bar ni in haɗiye loma.

Waɗanda suka daɗe a harkar tasi sun san Baba Patil. Ba'indiye ne gajere, gashin bakinsa kamar burushin takalmi. Lokacin da na sauka garin nan ban san Bronx ba balle Brooklyn, shi ya zaunar da ni a gefensa kwana da kwanaki yana nuna mini gadoji da lungunan da ba a ɗaukar fasinja. Daga baya muka haɗa mota ɗaya, ya ja da safe, ni in karɓa da yamma. Ciwon suga ne ya kayar da shi. Ya yi kwanaki a asibiti bai san inda kansa yake ba, da ya farfaɗo kuma ido ya tafi.

A kwanakin nan ne matarsa, Anti Sushila, ta yi bakance. Ta ce wa abin bautarsu in ya dawo mata da mijinta, ba za ta ƙara sa ƙwayar shinkafa a bakinta ba sai ranar da mijin ya je wani tsohon wurin bauta da ke kusa da garinsu ya kewaya shi. A al'adarsu abin da ka fi so a duniya shi kake bari, ita kuwa shinkafa ce. Shekara biyar ke nan tana dafawa, ta zuba masa, ta zuba mini in na je gaisuwa, ita ta koma gefe da busasshiyar gurasa. Na sha ganin ta ɗaga murfin tukunya ta kau da kai don kada tururin ya buge ta.

Ita ba ta iya tafiya, takardunta ba su kammala ba, in ta fita ƙasar nan ba dawowa. Ɗansu guda yana Houston, ya ce zai biya jirgin mutum biyu amma shi ba zai ɗauki hutu saboda camfi ba. Likita kuma ya ce in Baba zai yi doguwar tafiya ya yi ta bana, ƙodarsa ta fara gajiya. Shi ne Anti ta dube ni ranar nan, ina tsakiyar cin shinkafarta, ta ce, “Habu, ba kai ka ce ka yi aikin ɗaukar tsofaffi a Makka ba?”

Bakina ne ya ja mini. Gaskiya ne kafin in zo Amurka na yi zaman Makka, muna ɗaukar tsofaffin alhazai a gadon katako a ka, mu huɗu, muna ɗawafi da su. Amma a yadda na ba su labari ni kaɗai nake ɗauka, da hannu ɗaya, ina shan shayi da ɗayan. Na ce mata, “Anti, in dai kewaye ne, kin zo gidansa. Ƙafata ko barci nake ta san hanya.” Ku riƙe wannan maganar.

Ban tafi ba sai da na je wurin limaminmu bayan Juma'a, na ce Malam ga inda za ni, wurin gumaka ne. Ya ce, “Kai ɗan jagora ne ko mai bauta?” Na ce ɗan jagora. Ya ce, “To ka tsaya a jagorancinka, ka yi sallarka a kan lokaci. Kuma ka rage ƙarya in ka dawo.”

Mun tashi a watan Fabrairun nan da ya wuce, na 1992, ana sanyin nan mai cire kunne. Jirgi ya yada zango a Landan, daga nan ya miƙa. Tun a sama ƙafafun Baba suka fara kumbura, na cire masa takalmi, da muka iso kuma takalmin ya ƙi komawa. Haka na shiga Bombay, makaho a hannun dama, takalminsa a hammata.

Fasfon Najeriya kore ne, amma duk inda ka ajiye shi ja suke gani. Jami'in shige da fice ya juya shi gaba ya juya shi baya, ya ce ina katin allurar shawara. Na ce yallaɓai rabona da Afirka tun naira tana da mutunci, ga girin-kad ɗina na zama a Amurka. Sai ya hau kaɗa kai. Na ce shi ke nan an hana ni, na gyara tsayuwa na fara huɗuba a kan haƙƙin baƙar fata da zumuncin ƙasashe masu tasowa. Baba ya mintsine ni, ya ce, “In kaɗa kai yake yi, cewa ya yi ka wuce. Rufe bakin nan.” A can kaɗa kai na nufin i, na nufin wataƙila, na nufin na ji, na nufin Allah ya kyauta. Har na baro ƙasar ban san ranar da aka ce mini a'a ba.

'Yan kwastan suka buɗe jakata suka ci karo da ƙullin yaji. Ɗaya ya dube ni ya dubi ƙullin, na ga a idonsa har ya hango ƙarin girma. Ya tsoma hanci ya shaƙa da ƙarfi. Atishawar da bawan Allahn nan ya yi sai da hularsa ta faɗi. Suka bar mini yajin, suka ƙwace kilishin da na saya a wurin mutanen Illiyasu. Ban san girman asarar nan ba sai daga baya.

Ni da na girma a Fagge, rabin ƙuruciyata a silima na ƙare, na ɗauka ina jin Indiyanci. Ashe duk abin da na iya kalaman soyayya ne. Na gwada a kan ɗan dako a tashar jirgin ƙasa, ya ajiye jakata a hankali ya ja da baya. Kuma Illiyasu, ka ji amsarka: na ga mutane sun fi tururuwa yawa, na ga saniya kwance a tsakiyar titi motoci na ba ta hanya kamar matar gwamna, amma ko mace ɗaya ban ga ta fito daga bayan itace ba. Kowa sauri yake ya je neman abinci, kamar nan.

Jirgin ƙasan kuwa, ku da kuke kuka da cunkoson sabuwe, jirginmu na ƙarƙashin ƙasa, da safe, ku gode wa Allah. Amma mutanen kirki ne. Suna ganin makaho suka matsa masa wuri, kowa ya buɗe kwanonsa yana miƙo mana. Sai dai tambaya. Nawa kake samu a wata, kana da mata, me ya hana, ko wani ciwo ne. Wani mai tabarau ya ƙura mini ido, can ya ce ko ni ɗan wasan kirket ne daga West Indies. Na ce ya aka yi ka gane ni. Kafin mu sauka na sa hannu a jarida, a tikiti, har da bayan rigar wani. Baba yana gefe yana dariya ƙasa-ƙasa, yana cewa, “Habu, wutarka daban za a hura.”

Daga tashar da muka sauka muka hau bas zuwa Aurangabad, inda ƙanin Anti yake. Sunansa Madhu, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, siriri kamar sillen kara, ga ciwon asma, in ya yi magana mai tsawo sai ya tsaya ya sayo numfashi. Da ya ga Baba ya durƙusa ya taɓa ƙafafunsa, irin gaisuwarsu ke nan ga babba. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Tun yaushe suka kumbura haka?”

A gidansa aka ba ni ɗaki da gadon igiya. Aka kawo ruwa a kofin ƙarfe, na ga kowa yana ɗaga kofin sama ya tsiyaya a baki ba tare da leɓe ya taɓa ba. Na ce wannan ai wasa ne. Rabin ruwan ya shiga hanci, sauran ya wanke mini riga, matar gidan ta shige madafa da gudu ta rufe baki da gyale. Abincin dare ya zo, na gutsiri gurasa, sai na ji ƙamshin gida. Dawa ce. Dawarmu ta tuwo su suke murzawa su gasa. Na kusa hawaye. Amma nama, ko ƙamshinsa. Wake da safe, wake da rana, da dare ɗan'uwan wake. Sai rana ta biyu na ji kiran salla, na bi sautin har masallaci, ashe garin cike yake da Musulmi. Bayan la'asar wani dattijo ya ja ni rumfar mai tsire. Na ci, na wanke baki da sabulu, na koma gidan mutane ina ta yabon wake.

Madhu ya so a jira ƙafar Baba ta saɓe. Baba ya ƙi. Ya ce, “Kowace rana na ƙara a nan, ita ma ta ƙara a can.”

Daga garin zuwa wurin, Ellora, bai fi Kano zuwa Wudil ba. Muka ɗauki shatar mota da hantsi. Ɗakunan bauta ne jere da aka fafe a jikin tsauni, Madhu ya ce mabiya addini uku ne suka sassaƙa su kusa da juna. Namu shi ne babban, sunansa Kailasa.

Yanzu ku saurara. Ku ɗauki Dutsen Dala. A ce wani ya hau samansa da guduma da cizal ya fara sara yana gangarowa, yana zubar da abin da ba ya so, har ya fito da bene da zaure da matakala da ginshiƙai, duk a jikin dutsen nan guda, ba bulo, ba siminti, ba ƙusa. In hannunka ya goce sau ɗaya babu ciko. Ginin yana tsaye a tsakiyar wani makeken rami, tsakar gida ta kewaye shi, a gindinsa kuma giwayen dutse ne jere kamar su suka ɗauke shi a gadon baya. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na tsaya baki buɗe har ƙuda ya leƙa ya fita.

Baba ya yi ƙoƙarin takawa daga ƙofa, bai yi nisa ba ya ce a zauna. Muka zaunar da shi a inuwar wata baranda, Madhu ya fara darasi. Ya ce ginin ya haura shekara dubu da ɗari biyu, wani sarkin yankin ne ya sa aka yi shi don Shiba, abin bautarsu. Sunan kuma na wani tsauni ne mai ƙanƙara inda suka ce Shiba yake zaune da matarsa, shi ya sa da can farar ƙasa aka shafe ginin da ita, har yanzu akwai ɓurɓushinta a lungu-lungu.

Na ce to me ya kai su farawa daga sama kamar marasa aikin yi. Ya ce akwai labari a kai. Wai sarki ne ya kwanta ciwo, sarauniya ta yi bakance in ya warke za ta gina wa Shiba ɗaki, kuma ba za ta ci komai ba sai ta ga ƙololuwar ginin da idonta. Sarki ya warke. Magina suka ce kafin a kai ƙololuwa an daɗe da binne sarauniya. Sai wani magini ya ce a ba shi tsauni. Ya hau sama ya sassaƙa ƙololuwar tukuna, cikin 'yan kwanaki aka kira ta ta gani, ta ci abinci, sannan aka ci gaba da sara ƙasa a tsanake.

Na ce, “Malam Madhu, maginin nan ku bincika, ɗan Fagge ne.”

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, “Ita ta sami magini mai wayo. Tawa direbobin tasi biyu ta samu, ɗaya ma makaho.”

Madhu ya ja ni ya nuna mini wani sassaƙe, wani ƙaton sarkin aljanu mai kai goma ya shiga ƙarƙashin tsaunin Shiba yana girgiza shi don nuna ƙarfi. Matar Shiba ta tsorata ta riƙe mijinta, shi kuwa ko gezau, babban yatsan ƙafa kawai ya danna, ƙaton ya maƙale. Kai ka ce yanzu dutsen zai motsa. Sannan ya nuna mini giwayen da hancinsu ya karye, ya yi ɗan tari, ya ce ana faɗa wai wani sarki ne daga baya ya turo ma'aikata su rushe wurin, suka yi ta sara har suka gaji, iyakar abin da suka iya ke nan. Ya saci kallona, ya ce, “Sarkin, irin naku ne, Musulmi.” Na ce, “Malam Madhu, ni dai ranar ina wurin aiki.” Ya yi dariya har asmarsa ta tashi.

Da rana ta take, Madhu ya ce bari ya hau sama ya kai furanni ɗakin bautar, ya dawo mu yi kewayen tare. Ya ce mu jira shi. Matakalar tana da tsawo, shi kuma kun ji yadda ƙirjinsa yake. Muka jira, muka jira. Can Baba ya laluɓo hannuna, na ji tafinsa ya yi sanyi ga gumi. Ya ce, “Habu, ƙarfina tafiya yake. Ina ji yana zuba kamar buhu ya huje. Ɗauke ni yanzu. Sau ɗaya ya isa.”

Na cire takalmi, tunda shi ba takalmi zai yi, ni ne kuma ƙafarsa. Na durƙusa ya hau bayana, na ɗaure shi da mayafinsa kamar goyon jariri. Ya fi yadda nake zato rashin nauyi. Na yi bisimilla a zuciyata, na ce ya Allah ka san ni ɗan jagora ne. Na sa ginin a kafaɗata ta hagu, na ɗau hanya.

Bai ce mini ta ina za a bi ba, don a saninsa babu mahalukin da zai kewaya wuri mai tsarki ta hagu. Ni ban tambaya ba, don a sanina babu wanda zai kewaya ta dama. Na yi ɗawafi da tsofaffi har ban san adadi ba, kullum Ka'aba a hagu. Ko tunani ban yi ba, ƙafa ce ta tafi.

Dutsen nan ya ɗau rana, tafin ƙafata yana soyuwa kamar tsire, ina taka-tsantsan ina ɗan tsalle. Baba ya kwantar da kai a wuyana yana rera addu'arsu a hankali. Na lura mutane suna ta zuwa ta gabana, muna kaucewa juna. Na ce a raina mutanen da tuƙinsu ma ta hagu ne, me za a yi da su. Na sa kafaɗa irin ta direban New York ina ratsawa. Wata tsohuwa ta tsaya tana yi mini magana da yarensu, tana juya hannu a iska. Na ɗauka yabo ne, baƙo ya goyi tsohonsu. Na yi mata murmushi na ce na gode Mama, na wuce. Matar nan har gobe ina ganin fuskarta.

Mun zagayo ta baya, mun kusa komawa inda muka tashi, Baba ya ce, “Matsa da ni jikin giwayen. Ina so in taɓa ɗaya, in gaya mata na taɓa.” Na matsa. Ya miƙa hannun dama yana laluɓe. Iska. Ya ƙara miƙawa har ya kusa zamewa. Na ce, “Baba, ɗaya hannun, suna hagunka.”

Addu'ar ta tsaya. Na ji jikinsa ya sandare a bayana.

Ya ce, “Tun daga farko suna hagu?”

Na ce, “Ƙwarai, yadda ake yi.”

Ya ce, “Sauke ni.”

Na sauke shi a gindin wata giwa, daidai lokacin Madhu ya iso yana haki, ashe ya hango mu daga sama yana ta ɗaga hannu ban gani ba. Shi ya yi mini bayani. A wurinsu mai rai ta dama yake kewaya wurin bauta. Ta hagu gawa ake kewayawa, kafin a sa mata wuta.

Baba ya jingina da dutse, ya yi wata 'yar dariya da ban so ba. Ya ce, “Habu, ka yi mini jana'iza da raina. Ko ɗana bai yi wannan ƙoƙarin ba.”

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, hau mu juya, yanzu in warware shi in ƙara maka biyu kyauta. Na durƙusa. Bai hau ba. Na waiga na ga kansa ya langaɓe, amai na bin gashin bakinsa. Na ce wa Madhu ɗora mini shi a haka in ruga da shi, kafin ka ƙifta ido na zagayo. Madhu ya ce ba ya karɓuwa, sai mutum yana cikin hankalinsa, da bakinsa yake kiran sunan Shiba. Na goya shi dai, amma mota na nufa da gudu.

Ya yi kwanaki a wani asibiti a Aurangabad. Ya farfaɗo, amma likita ya ce ƙodar ta kusa tsayawa, in muna so ya ga matarsa mu sa shi a jirgi tun yana iya zama. Na bi likitan nan har wurin ajiye motoci. Na ce ka ba ni shi rabin yini, in shimfiɗa masa katifa a mota, in riƙe masa lema. Ya ce in na kai shi cikin ranar nan, kewayen da na yi masa zai zama gaskiya. Na ce wa Madhu to kai ka je ka kewaya a madadinsa, a wurinmu ana yi wa mutum aikin hajji. Ya ce yayarsa ba haka ta faɗa ba, cewa ta yi mijinta. Daga gadon asibiti sai filin jirgi. Bitrus, kai ka san sauran, tunda kai ka gaya mini wanda aka fara yi wa wankin ƙoda ba ya nisa da injin. Yanzu haka ni nake kai shi ni nake ɗauko shi. Baba ba zai sake ganin Indiya ba, ko da ido ko ba ido.

A jirgi na tsara komai. Madhu ya riga ya ce shi ba zai faɗi wannan magana ta waya ba, ciwon kawai ya gaya mata. Na ce, “Baba, mu biyu muka sani. An ce kewaye, mun kewaya. Ka bar ni da ita, ni zan yi bayani, ka san ni.”

Ya ce, “Na san ka, ita ma ta san ka. Matar nan daga yadda nake ajiye sanda take gane na yi ƙarya.”

Na ce, “Shinkafa ce fa kawai, Baba. Ka bar baiwar Allah ta ci.”

Ya juya fuska wajen taga, kamar mai ganin wani abu.

Tun daga matakalar benensu a Queens na jiyo ƙamshin. Ta sa sabon zanenta na sari, ta shimfiɗa ledar cin abinci, faranti uku. Shekara biyar ina cin abinci a gidan nan ban taɓa ganin farantinta a jere da namu ba. Ta taɓa ƙafafun mijinta, ta zaunar da shi, ta shafa fuskarsa tana faɗan ramar da ya yi. Sannan ta ɗauko tukunyar ta ajiye a tsakiya, ta ɗaga murfi, wannan karon ba ta kau da kai ba. Ta ce, “To, ku ba ni labari.”

Na buɗe tasha. Na ba ta giwaye, na ba ta sarauniya da magini, na ce na goya Baba dutse yana cin ƙafata, mutane suna darewa, har wata tsohuwa ta tsaya tana sa mini albarka. Tana murmushi, ludayi a hannunta. Na ce muka kewayo tsaf muka dawo inda muka tashi.

Baba ya ce, “Ta hagu.”

Ya ƙara wata magana da yarensu, gajeriya. Ludayin ya tsaya a sama. Ta dubi tukunyar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta zuba wa mijinta, ta zuba mini, ta mai da murfi. Ta ɗauki farantinta ta mai da shi kan kantar madafa, ta ɗauko gurasar jiya.

Da na yi shiru da ya fi. Amma kun san ni. Na ce, “Anti, ki yi wa Allah ki ci. Laifina ne, ba nasa ba. Kuma in kin duba, kewaye kewaye ne. Inda mai bin dama ya taka nan muka taka, giwayen nan su ne dai. Niyya ake dubawa. Hagu da dama ai duk ɗaya ne.”

Ta gutsiri gurasarta, ko kallona ba ta yi ba.

Ta ce, “In duk ɗaya ne, Habu, ka goyi mahaifinka ka kai shi Makka ka kewaya da shi ta dama. In ka dawo ka zo ka ba ni labari, sai mu ci tare.”